Me Ya Sa Dusar Ƙanƙara Ba Ta Sauka a Bena?

Gabatarwa

A farkon daminar bara wani ɗalibina, mutumin Bena ta ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru, ya same ni a ofis bayan lacca ya miƙo mani wayarsa. Hoton wata gona ne a bayan garinsu. Ƙasa ta yi fari fat, 'yar masarar da ba ta daɗe da tasowa ba duk ta kwanta, ganyenta ya yayyage kamar an bi shi da wuƙa. Wanda ya aiko da hoton ya rubuta cewa dusar ƙanƙara irin ta Turai ta fara sauka a Bena. Ɗalibin ya ce, "Malam, ashe mu ma abin ya iso mu?"

Abin da ya sauka a gonar nan ƙanƙara ce, wadda iyaye da kakanni suka sani tun da daɗewa. Dusar ƙanƙara kuwa wata aba ce daban, ko da yake sunayensu sun yi kama. Wannan maƙala za ta bayyana bambancin da ke tsakaninsu, da dalilin da ya sa ɗaya take ziyartarmu ɗayar ba ta zuwa, da kuma yadda lamarin yake a wasu garuruwan da sanyinsu bai tsananta ba.

Ƙanƙara da dusar ƙanƙara

Ƙanƙara dunƙulallen ruwa ne da ya daskare, mai tauri kamar tsakuwa. Tana samuwa ne cikin hadari mai tsawa da walƙiya. A cikin irin wannan hadari akwai iska mai ƙarfi da ke hawa sama. Ita ce ke ɗaukar ɗigon ruwa ta kai shi inda sanyi ya wuce misali, ya daskare. Yana nan iska na riƙe da shi, wasu ɗigogin na manne masa suna daskarewa, har ya yi nauyin da iska ba za ta iya ɗauka ba, sai ya faɗo. Wanda duk ya fasa babbar ƙanƙara ya duba cikinta zai ga ta yi hawa-hawa kamar albasa.

Ita kuwa dusar ƙanƙara ba daga ɗigon ruwa take samuwa ba. Tururin da ke cikin iska ne ke daskarewa kai tsaye, ya zama 'yan falle-falle marasa nauyi, kowanne da kusurwa shida. Wani manomi Ba'amurke mai suna Wilson Bentley ya fara ɗaukar hotonsu ta madubin ƙara girma a 1885, sannan a 1936 wani masani ɗan Japan, Ukichiro Nakaya, ya samar da su a ɗakin bincike. Idan tana sauka, sai ka ce rimi ne ke zubar da audugarsa. Ba ta ƙara, ba ta fasa kwano, kuma ba ta wuce tafiyar kimanin mita ɗaya a daƙiƙa guda.

Sharuɗɗa biyu

Kafin dusar ƙanƙara ta kai ƙasa, dole abubuwa biyu su haɗu a lokaci guda. Na farko shi ne laima a cikin iska, wadda za ta haɗa girgije. Na biyu shi ne sanyi tun daga girgijen har ƙasa, wato zafin iska ya kasance a sifiri bisa ma'aunin Salshiyas, ko ƙasa da sifiri, ko sama da shi da ɗan kaɗan. In ɗaya ya samu babu ɗaya, ba za a ga komai ba.

To, mai karatu ya dubi yadda shekara take a ƙasar Zuru. Iska iri biyu ke karɓa-karɓa a kanmu. Daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba iskar kudu maso yamma ce ke busowa daga Tekun Atilantika, ɗauke da laima, amma da ɗuminta take zuwa. Wannan ita ce damina. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma sai iskar arewa maso gabas ta karɓa, ta biyo ta kan Sahara, busasshiya ƙayau, ɗauke da ƙura. Wannan shi ne hunturu. Ashe ke nan lokacin da muke da laima ba mu da sanyi, lokacin da muke da sanyi kuma ba mu da laima.

Bugu da ƙari, sanyin namu ma bai kai ba. Bena tana wajen digiri 11 ne arewa da Ikwaita, don haka ko a tsakiyar hunturu rana na ɗagawa sosai ta gasa ƙasa. Jaurar asubar da ke sa mu jin wuta, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yawanci ba ta saukowa ƙasa da wajen digiri 12 zuwa 15. Bushewar iskar da kaɗawarta ne ke ƙara mana jin ɗarin. A can arewa, kan tsaunukan Azbin da ke ƙasar Agadas, sanyin dare kan kai ga daskarar da ruwa a wasu shekaru, amma da yake sama fayau take babu girgije, ba abin da ke saukowa.

Garuruwan da take leƙawa jefi-jefi

Akwai garuruwan da sharuɗɗan nan biyu kan haɗu a cikinsu, amma sai an daɗe. Birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu shi ne ya fi kama da mu, domin shi ma ruwansa a lokacin zafi yake sauka, lokacin sanyinsa kuwa, wato Yuni zuwa Agusta, busasshe ne. Sai dai birnin yana kan tudu mai tsawon wajen mita 1,750, yana kuma nesa da Ikwaita. Idan iska mai tsananin sanyi ta taso daga tekun kudu da 'yar laimarta, akan dace. An ga dusar ƙanƙara a can a 1981 da 2007 da 2012, sannan ranar 10 ga Yuli, 2023. Yaron da aka haifa bayan ta 2012 ya kusa gama firamare kafin ya gan ta da idonsa.

A Bagadaza ta sauka a watan Janairu na 2008, aka yi ta mamaki, domin dattawan birnin ma ba su san ta ba. Sai bayan shekara 12, a Fabrairun 2020, aka sake ganin ta. A garin Ain Safra na Aljeriya, wanda ke bakin Sahara a tsawon wajen mita 1,000, ta rufe tuddan rairayi a 1979 da 2016 da 2018 da 2021. A Saudiyya kuma takan sauka a kan Dutsen Lauz da ke yankin Tabuka, wanda tsawonsa ya haura mita 2,000. Abin lura shi ne, Bagadaza da Ain Safra da Tabuka duk suna samun ɗan ruwansu ne a lokacin sanyi, daga hadarin da ke tasowa ta wajen Bahar Rum. Wannan hadari ba ya ƙetaro Sahara ya iso gare mu.

Abin da ke faruwa a saman Bena

Duk da haka, kada mai karatu ya zaci babu dusar ƙanƙara a sararin samaniyarmu. Iska tana ƙara sanyi yayin da ake hawa sama, da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000. Idan zafin Bena da rana a damina digiri 30 ne, to, a tsawon wajen mita 4,600 za a tarar da sifiri. Hadarin damina kuwa kan yi toroƙo har kilomita 12 zuwa 15. Saboda haka samansa cike yake da falle-fallen ƙanƙara. Wani masanin yanayi ɗan Siwidin, Tor Bergeron, ya bayyana a shekarun 1930 yadda falle-fallen nan ke janye tururi daga ɗigogin ruwan da ke kewaye da su, su girma, su fara faɗowa. Da zarar sun shigo iska mai ɗumi sai su narke. Wato wani kaso mai yawa na ruwan da ke shayar da dawarmu ya fara tafiyarsa ne a matsayin dusar ƙanƙara.

Dalilin da ya sa ƙanƙara ke tsira ita dusar ba ta tsira shi ne nauyi da sauri. Mai tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa sai ta shafe fiye da awa guda kafin ta ratsa mita 4,600 na iska mai ɗumi, alhali 'yan mintoci sun isa su narkar da ita. Ƙanƙara mai girman ƙwan kaza kuwa gudunta kan kai wajen kilomita 100 a awa, sai ta iso ƙasa ba ta gama narkewa ba. Da muna da dutsen da ya kai wancan tsawo, da mun gani da idonmu. Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai mita 5,895, yana dab da Ikwaita amma akwai ƙanƙara a kansa. Dutse mafi tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne kawai.

Hannun ƙananan halittu

A nan ne lamarin ya shafi fanninmu na nazarin halittu. Ɗigon ruwa mai tsabta ba ya daskarewa a sifiri kamar yadda ake zato. Yana iya zama ruwa har wajen digiri 38 ƙasa da sifiri, in bai sami wani ɗan ƙwayar abu da zai daskare a jikinsa ba. Ƙurar Sahara, irin wadda hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tana yin wannan aiki. A shekarun 1970 kuma masana a Amurka suka gano cewa wata bakteriya mai zama a kan ganyen tsirrai, Pseudomonas syringae, tana da wani furotin a fatarta da ke sa ruwa ya daskare a wajen digiri 2 ƙasa da sifiri. Iska kan kwashe ta zuwa cikin girgije, kuma an same ta cikin dusar ƙanƙara da cikin ƙanƙara.

Rashin daskarewar ruwa a ƙasarmu rahama ce ga manomi. Dawa da gero da masara da wake ba su jure shi, domin idan ruwan da ke cikin ganye ya daskare, sai ya lalata ƙwayoyin halittar ganyen, ya yi baƙi ya mutu. Ɗan sanyin hunturu kuwa shi ke ba da damar noman alkama a Kadawa ta jihar Kano da Bakolori ta jihar Zamfara. A ƙasashen dusar ƙanƙara sanyi ne halittu ke ɓuyar wa, a nan kuwa fari ne. Shi ya sa kuka ke zubar da ganye da rani, gaiwa kuma ta shige cikin laka ta kwanta har ruwa ya dawo.

Kammalawa

A taƙaice, dusar ƙanƙara na buƙatar sanyi da laima a lokaci guda, mu kuwa a lokuta daban-daban suke zo mana, kuma sanyin namu bai kusanci sifiri ba. Canjin yanayi gaskiya ne, amma ɗumi yake ƙara wa yankinmu, tare da ruwa mai ƙarfi da ke zuba a ɗan lokaci. Abin da ya kamata manomin Bena ya yi hattara da shi ita ce ƙanƙara, musamman a farkon damina lokacin da hadari ya fi ƙarfi. Idan hadari ya yi baƙi ƙirin da iska da tsawa, a kora awaki da kaji cikin rumfa, a kira yara ɗaki, kada kuma a fake ƙarƙashin bishiya saboda aradu. Masarar da ƙanƙara ta yayyaga tana ƙarama, a ba ta kamar mako guda kafin a yanke shawarar sake shuka, domin a wannan mataki idon tsironta yana ƙasa-ƙasa, kuma sau da yawa takan fito da sabon ganye. Wannan shawara na ba ɗalibin nan ya kai gida.