Fondan ba ya rufa wa kek asiri

'Ya'yana masu koyon gashin kek a Zagga da kewaye, ina ganin hotunan da kuke turowa, ina kuma jin kukanku: fondan ya tsage, ya yi gumi, ya tattare a gindi. Ku matso mu yi magana, domin yawancin laifin da kuke ɗora masa ba nasa ba ne.

Fondan garin sukari ne mai laushi da aka kwaɓa da gulukos, da jelatin ko hodar CMC, da ɗan gilisarin. In an murza shi, kaurinsa bai kamata ya wuce milimita 3 zuwa 4 ba, don haka duk abin da ke ƙarƙashinsa sai ya fito fili. Fenti ba ya miƙe bangon da magini ya karkatar. Kek ɗin da kika fitar daga wuta, ki bar shi ya huce sarai, in da hali ya kwana. Ki yanke tudun samansa ya daidaita. Ki shafa masa haɗin bota kaɗan ya kame ɓurɓushi, ki bari ya tsaya, sannan ki yi shafi na biyu ki lailaye. Idan hawa biyu ne da kirim a tsakani, kada ki cika hannu. Ki ɗan danna, ki ba shi lokaci ya zauna, in ba haka ba tumbi zai ɓullo a gefe bayan kin gama wahala.

Abin da ya fi damuna shi ne kuna koyo daga bidiyon da aka ɗauka a ɗaki mai na'urar sanyi, ku kuwa a ƙasar Bagudo kuke, inda zafin Afrilu kan kai maki 40 har ya wuce. Fondan ɗaya ne, amma halinsa uku ne a garin nan. Da hunturu, iska na shanye shi kafin ki gama murzawa, fatarsa ta yi yaushi ta tsattsage a bakin kek. Maganinsa ki shafa ɗan farin kitsen gashin kek a tafinki ki cuɗa shi sosai, ki rage barbaɗa garin masara, ragowar fondan ɗin kuma ta zauna cikin leda a ɗaure ko da minti biyu za ki juya baya. Da damina kuwa sukari na jan danshin iska, sai ya yi danƙo ya kama tebur. Nan ne za ki ƙara garin sukari da ɗan CMC, ki rufe taga, ki kunna fanka in akwai wuta. Da bazara botar da ke ciki ce ke narkewa ta ja fondan ƙasa. Ki yi aikin bayan sallar asuba, kafin ɗaki ya ɗauki zafi.

Firji ma ku yi hattara da shi. Kek mai sanyi in ya fito cikin iska mai ɗumi, raɓa ce za ta sauka masa. Idan haka ta faru kada ki taɓa, kada ki goge; shatar yatsa ba ta fita. Ki ajiye shi gaban fanka ya bushe da kansa.

Kafin ki murza, ki auna. Faɗin kek, sai tsayinsa sau biyu, sai ɗan rara: mai faɗin inci 8 da tsayi 4 yana son faifan fondan na inci 18 ko kusa. Ki naɗe shi a sandar murji ki shimfiɗa a kai. Sama za ki fara lailayewa, daga tsakiya zuwa baki, ki kori iska. Ki yi maza ki manna bakin, don nauyin abin da ke rataye ne ke yaga shi. Sai gefe, kuma nan ne gaggawa ke kayar da ku. Hannu ɗaya na buɗe tattarar zuwa waje, ɗayan na shafawa a hankali, kina juya kek kina sauka kaɗan-kaɗan. Kada ki ja shi ƙasa. Kumfar iska in ta maƙale, ki huda ta a gicciye da allura mai tsabta ki lailaye wurin. Ƙaramar yaga kuwa, ki jiƙa ɗan fondan da ɗigon ruwa ya yi kauri, ki cike. In ta ƙi ɓoyuwa, fure ya zauna a kanta, babu mai tambaya.

Duk wadda za ta aika Birnin Kebbi ko Sakkwato sayen kaya, ta ce a duba jikin kwalin jelatin. Wani daga alade ake yin sa. Na saniya ko na kifi mai shaidar halal za a ɗauko. Kala kuma a sayi mai kauri, ta ruwa tana sakwarkwatar da kwaɓi.

Saura kai wa mai shi. Kek ɗin da za a kai Illo, ko Tsamiya, ko a tsallaka da shi Segbana, ba a ɗora shi a cinya bisa babur. Kwali mai ƙarfi daidai girman faifan da kek ɗin ke kai, a ƙasan mota inda ya daidaita, nesa da rana.

In uwar amarya ta ce fondan take so, alhali bikin a fili za a yi da la'asar cikin watan Afrilu, ku gaya mata gaskiya tun kafin ku karɓi kuɗinta: ko a ajiye shi a inuwa sai lokacin yanka, ko a mayar da yankan bayan magariba.