Ina Cajin Wayarka Yake Tafiya? Darasi Daga Bakin Iyaka

 Duk wanda ya taɓa yin hutu a garinmu Amarawa, a Ƙaramar Hukumar Illela, ya san wannan matsalar. Wayar da ke kai ni dare a Sakkwato, a gida kafin la'asar ta mutu. A hutun da ya wuce har kiran malamin da ke duba furojet ɗina na rasa, domin wayar tana shagon mai caji. Da na dawo makaranta na zauna na bi diddigin abin, ga kuma abin da na gano.

Mu fara da memori, tunda shi muka fi ɗora wa laifi. Iri biyu ne a waya. Akwai ma'ajiyar hotuna da bidiyo, wadda ba ta buƙatar wuta don ta riƙe abin da ke cikinta. Akwai kuma RAM, inda manhajoji ke zama lokacin aiki. Shi RAM yana ajiye bayanai ne a matsayin ɗan caji mai yoyo, don haka sai an riƙa sabunta shi sau da yawa cikin kowane sakan. Wannan yana cin wuta, amma kaɗan. Share manhajoji daga RAM kowane minti kuwa ba ya rage komai: idan ka sake buɗe su, sai wayar ta ɗauko su daga ma'ajiya tun daga farko, aiki ya zama biyu.

Babban maciyin shi ne rediyon da ke cikin wayar, wato sashen da ke magana da ƙarfen sabis. A 2010 wasu masana biyu a Ostareliya, Aaron Carroll da Gernot Heiser, sun auna wutar da kowane sashe na waya ke sha. Sun samu cewa sashen sadarwa da sikirin ne kan gaba, RAM da ma'ajiya kuwa suna can ƙasa.

Dalilin mai sauƙi ne. Ƙarfen sabis ne ke umartar waya ta ɗaga murya ko ta sassauta. Idan yana kusa, raɗa ta isa. Idan ya yi nisa, sai ta yi ihu: a 2G tana iya kai wat 2, a 4G kuwa miliwat 200. A fili fetal ma, in tazara ta ninka biyu, ƙarfin siginar da ke isa yana komawa kashi ɗaya bisa huɗu, balle ga katanga da rufin kwano.

A bakin iyaka abin ya fi tsanani. Birnin Ƙonni na nan kusa, saboda haka idan sabis ɗin Najeriya ya yi rauni, wayar takan shiga lalube, har ta jiyo layukan Nijar. Laluben nan caji ne. Ƙari a kan haka, bayan kowane ɗan saƙo rediyon ba ya kwantawa nan take, yakan jira wasu sakanni a farke. Saƙonnin guruf ɗari a warwatse sun fi cin wuta a kan ka sauke su lokaci guda.

To, mene ne abin yi? Ka zaɓi netwok ɗinka da hannu a saitin waya. Inda babu sabis, ka danna alamar jirgin sama. Ka kashe layi na biyu in ba ka amfani da shi. Ka hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa, ka kunna data ka karɓi saƙonni gaba ɗaya, sannan ka kashe. Littattafan karatu kuwa, ka sauke su tun kana makaranta. Ka kuma rage hasken sikirin.

Na gwada wannan da na je gida ƙarshen mako, wayata ta kai ni sallar isha'i da sauran caji. Ku ma ku gwada kafin jarrabawa. Allah Ya ba mu sa'a.