Yadda Ake Gano Inda Baƙin Mai Yake Yoyo a Injin Mota

Da safe ka janye mota daga inda ta kwana, sai ka ga baƙin tabo a ƙasa, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Wasu ƙasa suke watsawa a wurin su ci gaba da harkarsu. Wasu kuma gareji suke nufa, bakanike ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ga mai ya jiƙa mahaɗar inji da giyabos, ya ce sil ɗin baya ne, sai an sauke giya. Ni kaina an taɓa sauke mini giyabos a kan haka. Motar ta kwana biyu a gareji, na biya kuɗin aiki da na kaya, ba a yi mako guda ba tabon ya dawo inda yake. Sai daga baya wani dattijon bakanike ya nuna mini cewa gasket ɗin murfin saman inji ne ya bushe, man yana bin bayan injin yana gangarowa har ƙasa. Aikin da bai kai awa guda ba.

Tun daga ranar na riƙe abu ɗaya: inda mai ya ɗiga ba lallai ne nan ya fito ba. Gangare yake bi, in kuma mota tana gudu iska ta tura shi baya, ƙurar hanya ta manne masa, har ƙasan injin gaba ɗaya ya zama baƙin kwaɓi. Wanda ya yanke hukunci a kan inji mai datti, ko shekara talatin ya yi yana sana'ar, cinta yake yi.

Kafin komai, tabbatar baƙin man ne. Samo farin kwali mai faɗi ka shimfiɗa a ƙarƙashin motar da daddare, ka yi alamar inda tayoyin gaba suke, don da safe ka san daidai ina ɗigon ya sauka. Man inji ruwan zuma ne in sabo ne, baƙi in ya yi aiki, yana da santsi a yatsa. Man giyar otomatik galibi ja ne, ko ja mai duhu in ya tsufa, kuma motoci da yawa irinsa suke amfani da shi a fawa sitiyari. Man giyar hannu yakan yi kauri da wani wari mai hawa kai. Ruwan lagireto kore ne ko ruwan hoda, ba shi da maiƙo sosai. Idan ruwa ne zalla a wajen gefen fasinja bayan ka kunna na'urar sanyaya mota, wannan ba ciwo ba ne. Idan kuwa ruwa ne mai ɗan rawaya da santsi kusa da taya, kada ka tuƙa motar, man birki ne.

Sai ka koma kan geji. Ajiye motar a wuri mai daidaito, kashe ta, ka jira kamar minti goma man ya koma tukunya, ka zaro sandar awon, ka goge, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. A yawancin ƙananan motoci tazarar da ke tsakanin alamar sama da ta ƙasa kusan lita ɗaya ce, injin kuma kimanin lita huɗu yake ɗauka. Rubuta abin da ka gani tare da lambar kilomita, ka sake aunawa bayan kwana biyu ko uku. Idan mai yana raguwa da yawa amma kwalin ƙasa kusan a bushe yake, to ba zuba yake yi ba, injin ne yake ƙone shi. Shuɗin hayaƙi daga salansa shi ne shaidar haka. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai injin lita 2.4 ta yi suna wajen shan mai ta zoben fistin, kuma babu gasket ɗin waje da zai warkar da wannan. Haka in ka ga man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ne ya shiga cikinsa, magana ta koma kan gasket ɗin kan silinda.

Wanki shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali shi ne rabin aikin. Bari injin ya huce sarai. Rufe altaneta da akwatin fis da kan batir da leda. Fesa maganin wanke maiƙo, in babu shi kananzir da buroshi sun wadatar, ka goge sama da ƙasa da bayan injin, sannan ka ɗauraye da ruwa a hankali. Kada ka yarda a sa wa injin ruwa mai ƙarfi irin na wurin wankin mota a kan wayoyi da kwayil, yau ka je neman yoyo gobe mota ta ƙi tashi. Fetur kuwa a nisance shi, mun sha ganin yara a gareji suna wanke inji da shi, tartsatsi guda ya isa ya cinye motar da mai wankin. Bar injin ya bushe ƙayau.

Yanzu tayar da motar, ka bar ta tana aiki a tsaye minti goma zuwa goma sha biyar, ka ɗauko tocila mai haske ko da rana ce. Naɗe hannun riga, ka nisanta yatsu daga fanbel da fanka, domin fankar lantarki takan tashi ba sallama. Abin da kake nema shi ne wuri mafi tsayi da ya jiƙa. Ka ga danshi a ƙasa, bi shi da haske zuwa sama har inda ya ƙare. Nan ne mafarinsa.

Fara da murfin da ake zuba mai, robarsa takan taurare. Sai gasket ɗin murfin bawul, wanda ya zagaye saman inji. A motocin da suka kwana biyu, irin 'yan Kwatano da muke saye bayan sun yi shekara goma ko fiye a Turai da Amurka, shi ne ya fi yawan laifi, domin zafi yana mayar da robar kamar busasshen ƙiri. Idan kana jin ƙaurin mai a cikin mota lokacin da ka tsaya a danja, sau da yawa daga nan yake ɗiga a kan bututun hayaƙi mai zafi. Ciro kwayil ɗaya ka haska ramin fulogi. In ka tarar da mai a kwance, robobin ramukan ne suka mutu, kuma shi ne yakan sa inji ya riƙa ɗingishi.

Gangaro tsakiyar injin. Akwai ɗan makunnin da ke kunna jar fitilar mai, wanda bakanikai ke kira oyil suwic. Ƙaramin abu ne mai arha, amma da yake a kan hanyar mai mai ƙarfi yake, in ya tsage zai jiƙa gefen inji duka. Zare soket ɗinsa ka duba, mai a cikin soket ɗin ya gama ba da shaida. Daga nan sai filta. Idan yoyon ya fara ne bayan juyen mai, kada ka je nesa: ko ba a ɗaure ta sosai ba, ko tsohuwar robar ta manne a jikin inji aka ɗora sabuwa a kanta, ko filtar ce jabu. Kowace mota kuma da wurin rauninta. A Corolla mai injin 1ZZ, 'yar zoben robar da ke jikin abin ɗaure sarƙar taimin, a bayan inji, takan tsattsafo da mai har mutum ya zata sai an buɗe gaban injin gaba ɗaya. A Honda Accord kuwa a duba gasket ɗin da ke ƙarƙashin na'urar VTEC.

Sil ɗin gaba na kiranshaf yana bayan babban fulin da fanbel yake zagayawa. In shi ne, za ka ga an fesa mai a zagaye, kamar yadda tayar keke ke watsa taɓo. Motar da take amfani da taimin bel, irin Golf 3 mai silinda huɗu, kada a yi wasa da wannan, mai yana lalata bel ɗin.

Sai ƙarƙashi. Rami ya fi, ko abin ɗaga mota na gareji. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita. Duba notin juye mai. Woshar da ke jikinsa ana so a canja ta a kowane juye, amma mu sai mu yi shekaru da guda ɗaya, a yi ta ƙara ɗaurewa har zaren ya lalace. Duba jikin tukunyar man kanta, domin hanyoyinmu na rami da tudun rage gudu sukan tsaga ta ko su lotsa ta. Ga wata alama mai amfani a nan: yoyon da ke ci gaba duk dare alhali mota a kashe, daga noti ne ko tsagar tukunya, tunda man a nan yake kwance. Wanda kuwa sai inji yana aiki yake zuba, daga filta ne, ko oyil suwic, ko sil.

Idan yoyon ƙarami ne bai nuna kansa a tsaye ba, barbaɗa farar hoda irin ta jarirai a wuraren da kake zargi, ka yi tafiyar kilomita goma, ka dawo ka duba. Man zai zana baƙin layi a cikin farin, ka bi layin zuwa sama. A manyan gareji akwai wani rini da ake zubawa cikin man, sannan a haska da fitila ta musamman, hanyar da man ya bi ta fito da haske kamar rawaya-kore. In akwai shi a garinku, kuɗinsa bai kai na kwance abin da lafiyarsa ƙalau ba.

Akwai abu guda da ba kasafai ake tunawa da shi ba. Inji yana da hanyar numfashi, wani ɗan bawul da tiyo da ke fitar da iskar da ta taru a cikinsa. In ya toshe da dattin mai, iskar takan matsa har ta turo mai ta kowane sil. Motar da ka ga tana tsattsafo ta wurare uku ko huɗu lokaci guda, ko wadda aka canja wa sil ya sake yoyo cikin wata ɗaya, a ciro bawul ɗin a duba kafin a sayi komai.

Sai duk waɗannan sun fito a bushe, sama da gefe da baya, amma mai yana ɗiga daga ƙasan mahaɗar inji da giyabos, sannan za a ce sil ɗin baya ne. A nan ma a shinshina a duba launi, domin sil ɗin giyar kansa ta wurin yake zubarwa.

In an gano wurin, a sa gasket ko sil mai kyau, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano za ka saya ko a Panteka ta Kaduna, ka tafi da tsohon a hannu a gwada. Ban yarda da lafta gam a kan tsohon gasket ba. Rarar da ta matso ciki takan ɓalle ta toshe rariyar famfon mai, ƙaramin yoyo ya zama mutuwar inji. Zuba mai mai kauri don a rage ɗiga shi ma ɓoye ciwo ne kawai. Kafin ranar gyara, auna man kowace safiya ka cike abin da ya ragu. Idan kuwa jar fitilar mai ta kama kana cikin tafiya, sauka gefen titi ka kashe motar nan take, ko da gida saura kilomita ɗaya.