Darasi na 14: Ƙwaya Mai Lamba 16 da Mai Lamba 18

Mu mutanen Batsari ba a koya mana rogo. Mun san akwai mai zaƙi, akwai mai ɗaci. Sunansu ɗaya, ganyensu ya yi kama, amma ɗanyen mai ɗaci yana iya kisa. To, haka ƙwayoyin cuta suke.

Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci suke kira HPV. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya ganinta. Tana da iri fiye da 200, kowane iri an ba shi lamba. Waɗansu suna wucewa daga miji zuwa mata, ko daga mata zuwa miji, wajen kwanciya. Namiji yakan ɗauke ta bai sani ba. Saboda haka kada a ce laifin mace ne.

Yawancinsu jiki yakan kore su da kansa. Mai lamba 6 da mai lamba 11 sukan sa tsiro a al'aura, irin tusar jaki. Abin ƙyama ne, amma da wuya ya zama sankara. Miyagun su ne 16 da 18. Idan suka zauna a bakin mahaifa, sai su riƙa ɓata naman wurin a hankali, ba zafi, ba zazzaɓi. Yakan ɗauki shekara 15 ko 20 kafin ya zama sankara, watau ciwon daji.

Wa ya gane su? Wani likita ne na ƙasar Jamus, Harald zur Hausen. Shi da almajiransa suka binciki naman masu wannan ciwo. Suka samu 16 a 1983, suka samu 18 a 1984. Cikin mata 10 masu sankarar bakin mahaifa, wajen 7 waɗannan biyu ne sanadinsu. A 2020 ciwon ya kashe mata wajen 8,000 a Nijeriya.

Da aka san lambarsu, sai aka haɗa allurar rigakafi. An fara ta a Nijeriya a Oktoba 2023, ta iso Jihar Katsina a Mayu 2024. 'Yan mata masu shekara 9 zuwa 14 aka fara yi wa, sau ɗaya, kyauta. Tana tare 6, 11, 16 da 18. Mun ji ana cewa wai tana hana haihuwa. Ba haka ba ne. Ana yi wa yara ne don allurar tana tsare jiki, ba ta warkar da wadda ƙwayar ta riga ta kama.

Manya fa? Mace ta kai shekara 30, ta je a duba ta. Idan an ga tabon tun yana ƙarami, ana iya kashe shi. Wadda take ganin jini bayan kwanciya, ko bayan ta daina al'ada, kada ta tsaya shan saƙe-saƙi. Maigida, ko kana Safana ko Runka, nemi kuɗin mota ka kai ta asibiti cikin makon nan.