Darasi Ga 'Yan Kasuwa: Hutun Jami'a Da Izinin Aikin Ɗalibi A Ƙasashen Waje

A kasuwar Wunti ta birnin Bauchi, idan aka rufe jami'a ba a tambayar inda ɗan mai shago zai nufa. Washegari za a same shi a bakin rumfa yana auna yadi ko yana rubuta bashi. Haka abin ya kasance a 2022, lokacin da malaman jami'o'i, har da na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, suka yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A nan gida, duk ranar da babu karatu hutu ce, kuma aikin hutu ba ya bukatar izinin kowa.

To, amma ɗan kasuwar da ya tura ɗansa karatu waje, kada ya auna can da mudun nan. Tun da darajar Naira ta faɗi, daga kimanin N460 kan dala ɗaya a farashin gwamnati a watan Mayu na 2023 zuwa sama da N1,500 a Fabrairun 2024, iyaye sun shiga cewa yaro zai yi aikin hutu ya cike giɓi. Wannan lissafi ne ya kamata a sake dubawa.

Abu na farko, a waɗannan ƙasashe kalandar jami'a ce ke faɗin lokacin hutu, ba ɗalibi ba. A Ingila, mai karatun digiri yana da izinin aikin awa 20 a mako a lokacin zangon karatu, mai karatun da bai kai digiri ba kuwa awa 10. Ana ƙirga mako daga Litinin zuwa Lahadi, kuma ba a tara awowin wani mako a kai wani. Sai lokacin hutun da jami'a ta bayyana ne ake sakar masa mara ya yi cikakken aiki. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne digiri na biyu na shekara guda. Ɗalibi zai ga an daina shiga aji a watan Yuni, 'yan digiri na farko sun watse, sai ya ɗauka shi ma ya samu hutu. Alhali a yawancin jami'o'i watannin rubuta kundin bincike cikin zangon karatu suke, iyakarsa awa 20 ɗin nan. Wanda ya zarce ya karya sharaɗin bizarsa, ana iya soke ta, kuɗin da aka zuba kuma ya bi ruwa. Shi ma wanda ya ɗauke shi aikin bai tsira ba, domin tun Fabrairun 2024 tarar ɗaukar ma'aikaci ba bisa ƙa'ida ba tana iya kaiwa fam 45,000 kan mutum guda a karon farko.

Amurka ta fi tsanani. Mai bizar F-1 a cikin harabar jami'a yake aiki, awa 20 a mako, ya cika lokaci idan hutu ya zo, muddin zai koma karatu a zango mai zuwa. Hutu ba ya buɗe masa ƙofar aiki a cikin gari. Wannan sai da izini na musamman, galibi bayan ya cika shekara guda yana karatu. Kanada ta mayar da iyakarta awa 24 a mako a watan Nuwamba na 2024, tare da sakin mara a hutun da ke cikin kalanda. Jamus kwanaki take ƙirgawa: tun Maris na 2024, cikakkun kwana 140 a shekara. A Malesiya kuwa, inda yaran Arewa ke zuwa da dama, sai lokacin hutu kaɗai ake yarda, awa 20 a mako, a wurare ƙalilan irin su gidan abinci da otal, kuma da amincewar hukumar shige da fice.

Yanzu mai karatu ya ɗauki alƙalami. A watan Afrilu na 2025 mafi ƙarancin lada a Ingila ga mai shekara 21 zuwa sama ya zama fam 12.21 a awa. Awa 20 ta ba da fam 244.20 a mako, wato ƙasa da fam 1,000 a mako huɗu. A farkon shekarar 2025 kuwa, gwamnatin ƙasar ta ƙiyasta cewa ɗalibi a wajen Landan yana bukatar fam 1,136 a wata domin ci da haya kawai. Ashe ko abinci da makwanci aikin bai gama biya ba, balle kuɗin makaranta, kuma wannan idan an samu aikin ke nan.

Saura wani sharaɗi da ya fi shafar gidan 'yan kasuwa, wanda hutu ba ya ɗage shi. A Ingila an hana ɗalibi yin sana'ar kansa ko gudanar da kasuwanci, da hutu ko babu. A wurinmu, uba ya ce wa ɗansa ya sayo takalma ko kayan gyaran mota ya auno zuwa Wunti, a ba shi la'adarsa, taimakon gida ne, har ma yabonsa za a yi. A idon hukuma can, saye da sayarwa a kai a kai domin riba, ko da ta intanet ne, na iya zama kasuwancin da aka hana. Saboda haka kafin a ɗora wa yaro irin wannan hidima, sai ya kai maganar ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa, ya karɓi amsa a rubuce, ya kuma haɗa da takardar da ta nuna ranakun buɗewa da rufewa na ainihin kwas ɗin da yake yi.