Na'urar Jin Baba Ta Ɓace

Tambaya: Na'urar jin mahaifina ta ɓace a hanyarsa ta dawowa daga Harami. Yanzu sai an ɗaga murya yake ji. Ya zan yi? Daga wata 'yar'uwa, Ka'akiyya, Makka.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya mayar da alheri. Fara da aljihun jallabiyar Baba da cikin hularsa, ki kuma kakkaɓe dardumarsa. Dattawa kan cire na'urar lokacin alwala su manta inda suka ajiye. Idan mai haɗuwa da waya ce, manhajar wasu kamfanonin tana nuna wurin da aka rabu da ita. In ba a dace ba, a je ofishin ajiyar kayan tsintuwa na Harami da kwalinta, don lambarta na jiki.

Kada ki yi gaggawar sayo ta kanti mai ƙara sauti kawai. Kowace na'ura da ma'aunin kunnen mai ita ake saita ta. Koma wurin da aka sayar masa, da rasit da takardar gwajin ji, domin wani garantin kan maye gurbin wadda ta ɓace sau ɗaya. Don neman likitan kunne, kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya.

Kafin nan, ku daina yi masa tsawa. Ku fuskance shi, ku yi magana a hankali. Kada a bar shi ya tsallaka titin kasuwar Ka'akiyya shi kaɗai.