Darasin Kiwo: Abincin da ke Gina Jikin Maraƙi

Manoma da makiyaya, maraƙin bana shi ne saniyar tatsa ko san noma na gaba. In ya tsumbure a shekararsa ta fari, da wuya ya kamo ƴan uwansa.

A ƙasar Adar, daga tsakiyar ɗari har faɗuwar ruwa, dabba ba ta samun kome sai kara da busasshiyar ciyawa. Karan hatsi yana cika ciki, amma abin gina jiki da ke cikinsa bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Buhun abincin kanti kuwa yana da tsada. To, ga abin da muke da shi a gida.

1. Harawa. Ta wake da ta gyaɗa sun ninka kara wajen gina jiki. A ɗebe ta tun ganyenta bai kaɗe ba, ta bushe a inuwa, a ɗora ta bisa rumfa.

2. Ƴaƴan gawo. Suna faɗuwa da rani, daidai lokacin bukata. A tsince su, a daka, don ƙwayar tana da tauri. In ba a fasa ta ba, sai ta fita cikin kashi yadda ta shiga. Haka ake yi da ƴaƴan kalgo.

3. Ƙuli-ƙuli. Shi ya fi duka ƙarfi, abin gina jiki a cikinsa ya kai kashi 40 cikin 100. A daka shi, a gauraya da dussa. Wanda ya yi fumfuna guba ne, a zubar da shi.

4. Angurya. Tana da amfani ga manyan shanu, amma akwai dafi a cikinta da ke kashe ƙaramin maraƙi. Kada a ba shi sai an yaye shi, ya iya tuƙa sosai, kuma kaɗan-kaɗan.

Yadda za a ba shi

Maraƙi mai shan nono, a bar masa rabonsa wurin uwa, kada a tatse ta ƙaf. Daga sati 3 a fara aje masa harawa mai laushi da ɗan dussa. Wanda aka yaye, a fara da tafin hannu guda na ƙuli-ƙuli cikin dussa, a riƙa ƙarawa cikin sati 2 har ya kai rabin kilo a yini. Canjin abinci farat ɗaya yana kawo zawo. A ware shi daga manya lokacin ci, a ba shi ruwa mai tsabta da gishirin lasa.

Farin 1984 ya koya mana tanadi. Tun daga shekarar ne aikin raya karkara na Keita ya dasa itatuwa a kan fako da tsaunuka. In gawo ya tsiro a gonarku, ku bar shi ya girma.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Don me ake daka ƴaƴan gawo?
2. Wane maraƙi ne ba a ba angurya?
3. Damin harawa nawa kuka aje bana?